Yadda Ake Sauya Man Firosesa Domin Rage Zafin Kwamfuta

Kwamfutar da fankarta ke kuka ba ƙaƙƙautawa, wadda take nauyi wajen buɗe abin da a da take buɗewa cikin ƙiftawar ido, ko kuma take mutuwa da kanta ana tsakiyar aiki, galibi zafi ne ke damunta. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin dukkan lissafin kwamfuta, an ƙera ta da dabarar kare kanta: idan zafinta ya kusa kai iyakar da aka sa mata sai ta rage gudu, idan hakan bai wadatar ba sai ta kashe na'urar gaba ɗaya don kada ta ƙone. Wannan iyaka a mafi yawan firosesocin Intel digiri 100 ce a ma'aunin Salshiyas, a na AMD Ryzen kuwa tana tsakanin 90 da 95, gwargwadon samfuri. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kai kwamfuta ga wannan hali shi ne bushewar wani ɗan mai mai kauri, fari ko ruwan toka, da ake sawa tsakanin firosesa da ƙarfen da ke tsotse mata zafi. A jikin kwalinsa ana rubuta thermal paste ko thermal compound. A nan zan riƙa kiransa man firosesa, ƙarfen kuma hitsink, kamar yadda masu gyara ke faɗa.

Kafin a ɗauki sukundireba, ya kamata a fahimci aikin wannan man, domin kusan duk kuskuren da ake yi wajen sa shi daga rashin wannan fahimta yake tasowa. Man ba ya sanyaya komai, sanyayawa aikin hitsink ne da fanka. Idan ka dubi saman firosesa da gindin hitsink za ka gan su sumul suna ƙyalli, amma a ƙarƙashin madubin likita cike suke da ƙananan ramuka da tuddai, kuma idan aka haɗa su, tuddan ne kaɗai ke taɓa juna, iska ta maƙale a cikin ramukan. Iska kuwa ba ta iya ɗaukar zafi ta miƙa shi gaba. A ma'aunin da ake rubutawa W/mK, wanda ke nuna yadda abu ke barin zafi ya ratsa shi, iska tana da kimanin 0.026, jan ƙarfe yana da kusan 400, shi kuma man firosesa mai kyau kamfanoni kan rubuta masa daga 4 zuwa 13. Waɗannan alƙaluma uku sun isa su koyar da dukan sana'ar. Man ya fi iska nesa ba kusa ba, don haka bai kamata a bar ko da ɗan wuri guda a saman firosesa da bai samu ba. Jan ƙarfe kuma ya fi man nesa ba kusa ba, don haka shimfiɗar man ta kasance siririya iyakar yadda za ta yiwu. Matsin notuna ne ke samar da wannan sirantaka, shi ya sa ɗaurin hitsink yake da muhimmanci daidai da shafa man, ko ma fiye.

Auna zafin tukuna

Kada ka buɗe kwamfuta a kan zato. Sauke ɗaya daga cikin manhajojin da ke nuna zafin firosesa kyauta, kamar HWMonitor, HWiNFO ko Core Temp, ka duba lambobi biyu. Na farko shi ne zafinta lokacin da aka kunna ta aka bar ta minti goma ba ta yin komai. Na biyu shi ne zafinta lokacin da aka ɗora mata aiki mai nauyi, kuma manhajar Cinebench ta dace da wannan, domin tana sa dukkan sassan firosesa aiki har ƙarshen ƙarfinsu na tsawon mintuna goma. Rubuta lambobin a takarda, tare da zafin ɗakin da kake ciki idan kana da abin aunawa.

Zafin ɗakin yana da muhimmanci ƙwarai ga wanda ke zaune a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram. Fanka iskar ɗaki take hurawa a jikin hitsink, saboda haka firosesa ba za ta taɓa yin sanyi fiye da ɗakin ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, kwamfutar da ke nuna 50 ko 55 ba tare da aiki ba ba lallai ne tana da wata cuta ba, alhali a sanyin Disamba wannan lambar abin dubawa ce. Idan aka ɗora mata nauyi tana tsayawa tsakanin 70 da 85, lafiyarta ƙalau. Alamar da ta fi nuna cewa man ya bushe ita ce zafin ya yi tsalle daga 50 zuwa 95 ko 100 cikin daƙiƙu kaɗan da fara aikin, fanka tana gudu iyakar ƙarfinta, amma iskar da ke fitowa daga ramin hucin ba ta da zafi sosai. Wannan yana nuna zafin ya tsaya a jikin firosesa bai ƙetara zuwa hitsink ba. Sai dai a lura cewa firosesocin Ryzen 7000, waɗanda suka fito a 2022, da gangan aka tsara su su riƙa kaiwa 95 a lokacin aiki mai nauyi, don haka ganin wannan lamba a kansu ba hujja ba ce ita kaɗai.

Idan kwamfutar sabuwa ce kuma garantinta bai ƙare ba, mayar da ita wurin da ka saya ya fi ka buɗe ta da kanka.

Kayan da za ka tanada

Abu na farko shi ne man kansa. Waɗanda aka sani da inganci sun haɗa da Arctic MX-4, Noctua NT-H1 da Thermal Grizzly Kryonaut, kuma ana sayar da su a cikin ƙaramin sirinji mai ɗauke da giram 1 zuwa 4, wanda zai yi maka aiki sau da yawa. Bambancin da ke tsakanin waɗannan a aikace bai cika wuce digiri biyu ko uku ba, saboda haka ban ga dalilin da mutum zai wahalar da aljihunsa wajen neman mafi tsada ba. Abin da ya fi cancantar damuwa shi ne jabu, domin ana kwaikwayon MX-4 sosai har kamfanin ya sa lambar tantancewa a jikin kwalinsa. Farin man nan mai arha da ake sayarwa a cikin babban gwangwani ko ƙaramar leda yana aiki na ɗan lokaci, amma yana saurin bushewa, musamman a cikin laftof. Ga wanda bai saba ba, ya zaɓi man da aka rubuta cewa ba ya ɗaukar wutar lantarki, kamar MX-4 da NT-H1, domin ko ya zuba a gefen firosesa ba zai haɗa wuta ba.

Akwai wani nau'i da ake kira ruwan ƙarfe, wanda aka haɗa da galiyam, kuma shi ne kamfanin Sony ya sa a cikin PlayStation 5. Yana isar da zafi fiye da kowane mai, amma yana ɗaukar wutar lantarki, ɗigo guda a kan babban allon kwamfuta, wato faifan ciki da firosesa da sauran sassa ke zaune a kansa, yana iya kashe ta, sannan yana cinye alminiyam har ya mayar da shi kamar gari. Ba na ba kowa shawarar fara koyo da shi. Haka kuma man goge baki, girisin mota da basilin ba su da wuri a wannan aiki. Man goge baki yana da ruwa a cikinsa, yana iya ruɗin mutum da saukar zafi a ranar farko, kafin ya bushe ya zama kamar alli.

Abu na biyu shi ne sifirit na gogewa, wanda ake kira aisofurofil, mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko fiye. Mai kashi 70 ma yana yi, sai dai ruwansa ya fi yawa, dole a ba shi lokaci ya bushe. Sifirit mai launin shuɗi ko shunayya na kantin magani yana barin saura, fetur da kananzir da tina kuwa suna ɓata roba kuma suna barin maiƙo. Za ka kuma buƙaci ƙyalle mai laushi wanda ba ya zubar da zare, irin na goge tabarau, da tsinken auduga na goge kunne, da ƙananan sukundirebobi masu kan kuros, da buroshi mai laushi, da tsohon katin banki na roba don ɓamɓare murfin laftof. Idan laftof ɗin Dell, HP ko Lenovo ne, waɗannan kamfanoni suna sa littafin gyaran yawancin samfuransu kyauta a intanet, da hotunan kowane noti da wurin da yake. Karanta shi kafin ka fara, zai hana ka karya abin da ba ka san yana nan ba.

Kashewa da kiyaye wutar jiki

Bari kwamfutar ta yi aiki na minti goma zuwa sha biyar kafin ka kashe ta, domin ɗumin yana tausasa tsohon man ya sa hitsink ya saki cikin sauƙi. Sannan ka kashe ta gaba ɗaya, ka zare wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na kimanin daƙiƙa goma sha biyar don ragowar wutar da ke ciki ta fita. Idan laftof ne mai batirin waje, cire shi. Idan batirin na ciki ne, abu na farko da za ka yi bayan buɗe murfin shi ne zare soket ɗin batirin daga babban allo, kuma ka riƙe kan robar ne, kada ka ja wayoyin. Noti guda da ya suɓuce ya faɗa kan allon da ke da wuta ya isa ya jawo asarar da ta fi kuɗin gyaran sau ashirin.

A lokacin hunturu iska tana bushewa ƙwarai, kuma duk wanda ya taɓa jin ɗan tartsatsi ya ja shi a yatsa lokacin da ya kama ƙofar mota ya san jiki yana tara wuta. Wannan ƙaramar wutar tana iya lalata sassan kwamfuta ba tare da ka ga ko ka ji komai ba. Yi aikin a kan tebur na katako, ba a kan katifa, bargo ko kafet ba, ka guji rigar sanyi ta ulu ko ta leda, kuma ka riƙa taɓa wani babban ƙarfe marar fenti kafin ka kai hannu ciki. Wanda yake da abin ɗaurawa a wuyan hannu na sauke wutar jiki, ya yi amfani da shi.

Cire hitsink

A kwamfutar tebur, kwantar da akwatin a gefensa, ka buɗe murfin, ka zare wayar fanka daga soket ɗin da aka rubuta CPU_FAN a kusa da shi. Idan hitsink ɗin na notuna huɗu ne, kada ka kwance ɗaya gaba ɗaya sannan ka koma na biyu. Sassauta kowanne da juyi ɗaya ko biyu, kana tsallakawa daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, har su saki tare. Idan irin fankar da ke zuwa a kwalin Intel ce mai ƙafafun roba huɗu, juya kan kowace ƙafa zuwa inda kibiyar da ke kanta ta nuna, sannan ka ja ta sama.

A nan ne ake yin ɓarnar da ta fi kowace yawa, musamman a kan firosesocin AMD masu soket AM4 (soket a nan shi ne mazaunin firosesa a kan babban allo). Waɗannan firosesoci allurorinsu 1,331 a jikinsu suke, kuma idan tsohon man ya bushe ya kama kamar gam, mutum yana jan hitsink sama da ƙarfi sai firosesar ta biyo shi ta fice daga soket alhali a kulle yake, allurori su lanƙwashe. Hanyar tsira ita ce ka murɗa hitsink ɗin a hankali hagu da dama, kamar mai buɗe murfin kwalba, har ka ji ya saki, sannan ka ɗaga. A soket ɗin Intel na zamani da AM5 na AMD, allurorin suna cikin soket ne kuma akwai ƙarfen da ke danne firosesa, saboda haka ba za ta biyo ba. Duk da haka kada ka buɗe wannan ƙarfen. Bar firosesar a mazauninta ka goge ta a nan, domin idan ɗigon mai ko zaren ƙyalle ya shiga tsakanin waɗannan allurori masu laushi kamar gashi, fitar da shi babban aiki ne.

Laftof ya fi buƙatar haƙuri. Notunan murfinsa ba tsawonsu ɗaya ba, kuma idan ka sa dogo a ramin gajere yana iya huda allo ko ya ɓullo ta saman madannai. Ni dai nakan zana siffar bayan laftof ɗin a farar takarda, in ajiye kowane noti a daidai wurinsa a kan zanen, in kuma ɗauki hoton cikin da waya kafin in taɓa komai. Hitsink ɗin laftof farantin jan ƙarfe ne da ke manne da siririn bututu wanda ya tafi har bakin fanka. Kusa da notunansa za ka ga an buga lambobi, 1, 2, 3, 4, wani lokaci har 7 ko 8 idan akwai guntun sarrafa hoto na daban. Wajen kwancewa ana farawa daga babbar lamba a sauko, wajen ɗaurewa a fara daga 1 a hau. Riƙe farantin ta gefensa ka ɗaga, kada ka kama bututun ka ja, domin idan ya lanƙwashe ko ya tsage ya tashi daga aiki.

A kewayen firosesar laftof za ka iya ganin wasu ƙananan faifai masu laushi kamar cingam, ruwan toka, shuɗi ko ruwan hoda, manne a kan wasu ƙananan guntaye. Waɗannan matasan zafi ne, kuma an sa su ne don cike tazara mai faɗi, rabin milimita ko milimita ɗaya ko fiye, wadda mai ba zai iya cikewa ba. Kada ka cire su ka sa mai a madadinsu. Idan ɗaya ya yage, nemi mai kauri daidai da shi, domin wanda ya fi kauri zai ɗaga hitsink ya hana shi zama daram a kan firosesa.

Ƙura

Tunda hitsink yana hannunka, duba tsakanin fanka da siraran haƙarƙarin ƙarfen da iska ke bi ta fita. A laftof ɗin da ya ga hunturu biyu ko uku ba a buɗe shi ba, abin da ake tararwa a nan yakan ba da mamaki. Na taɓa buɗe wani da aka kawo mini ana cewa firosesarsa ta tsufa, sai na ga ƙura da zaren tufafi sun dunƙule sun zama wata 'yar tabarma mai kaurin yatsa, ta toshe hanyar iskar daga wannan gefe zuwa wancan. Da tsinke na ɗago ta ta fito gaba ɗayanta, ja-ja irin ƙasarmu, kuma ko da an sa wa wannan na'ura man da ya fi kowanne tsada a duniya, da bai yi mata komai ba muddin tabarmar tana nan. Share ƙurar da buroshi, ka hura iska daga ciki zuwa waje. Idan za ka yi amfani da bulowa, danne fukafukan fankar da yatsa don kada iskar ta juya ta fiye da ƙima ta lalata mata gindi.

Goge tsohon man

Fara da busasshen ƙyalle ka kwashe mafi yawan tsohon man. Idan ya bushe ya tsattsage kamar ƙasan tafki a bazara, ɗiga masa sifirit kaɗan ka jira minti ɗaya ya jiƙa, sannan ka kankare da gefen katin roba. Kada ka kusanto da reza, wuƙa ko bakin sukundireba, domin kowane ƙarce da ka yi sabon rami ne da iska za ta zauna a ciki. Bayan haka jiƙa ƙyallen da sifirit, a jikin ƙyallen za ka zuba ba a kan allon ba, ka riƙa gogewa kana sauya wuri mai tsabta har ƙyallen ya daina ɗaukar launi. Yi haka ga saman firosesa da gindin hitsink duka biyun. Tsinken auduga na gefe-gefe ne da lunguna.

Firosesar kwamfutar tebur tana da murfin ƙarfe da ke kare ta, amma ta laftof tsirara take. Wannan ɗan murabba'i mai ƙyalli kamar madubi shi ne silikon, wato ainihin ƙwaƙwalwar kanta, yana da gautsi kamar gilashi, kuma kusurwarsa tana iya ɓantarewa idan aka danne ta da ƙarfi. A kewayensa akwai ƙananan sassa masu girman ƙwayar gero ko ƙasa da haka, waɗanda farce ko tsinke zai iya ɓalle su. Idan tsohon man ya shiga tsakaninsu ya ƙi fita, gara ka bar shi da ka yi ta tono. Da ka gama, bari sifirit ɗin ya bushe na minti biyu zuwa biyar, kuma daga nan kada yatsanka ya sake taɓa wurin, domin maiƙon fata ma shamaki ne.

Idan sabon hitsink ka saya, juya gindinsa ka duba abu biyu. Wasu suna zuwa da mai an riga an shimfiɗa musu daga kamfani, irin waɗannan ba a ƙara musu wani. Wasu kuma suna zuwa da siririyar leda mai haske manne a gindin, wadda dole a ɓare ta. Mantawa da wannan leda kuskure ne da har waɗanda suka daɗe a sana'ar sukan yi.

Sa sabon man

Matsa ɗan kaɗan a kan takarda tukuna, domin idan sirinjin ya daɗe a ajiye, abin da ke fara fitowa yakan zama ruwa-ruwa. Ga firosesar kwamfutar tebur mai siffar murabba'i, kamar ta AM4 ko tsofaffin na Intel, ɗigo guda a tsakiya ya isa, mai faɗin milimita 4 zuwa 5, wato kamar ƙosasshiyar ƙwayar dawa ko ƙaramar ƙwayar wake. Ba sai ka baza shi ba, matsin hitsink ne zai tura shi daga tsakiya zuwa gefe, yana korar iska a gabansa. Firosesocin Intel masu soket LGA1700, waɗanda suka fara fitowa a 2021, dogaye ne, tsawonsu ya fi faɗinsu, saboda haka ɗigo guda yakan bar sama da ƙasa a bushe. A kansu ja siririn layi a tsaye, ko ka sa ɗigo a tsakiya da ƙanana huɗu kusa da kusurwoyi. Murfin firosesocin AM5 yana da yanke-yanke a gefensa inda rarar mai ke taruwa, don haka a rage yawan ɗigon kaɗan.

Ana yawan gardama a kan wace siffa ta fi, ɗigo ko layi ko kuros, kuma a ganina gardamar ta fi bambancin girma. Abin da ya kamata mai koyo ya riƙe shi ne ƙarancin mai ya fi yawansa haɗari. Idan ya ɗan yi yawa, matsi zai fitar da rarar ta gefe, illarsa ƙazanta ce kawai muddin ba ya ɗaukar wuta. Idan ya yi kaɗan, wani ɓangaren firosesa zai zauna da iska a kansa, kuma za ka ga sashe ɗaya ya fi sauran zafi da digiri goma ko fiye. Wannan ba izini ba ne na a juye rabin sirinji kamar mai shafa wa burodi bota.

A kan silikon ɗin laftof ƙa'idar ta ɗan sauya. Tunda babu murfin ƙarfe da zai rarraba zafin, duk wurin da man bai kai ba zai yi zafi shi kaɗai, kuma notunan laftof ba su da matsi mai ƙarfi. Sa ɗigo kamar ƙwayar shinkafa, ka baza shi da gefen katin roba mai tsabta har ya rufe dukan fuskar daga kusurwa zuwa kusurwa, siriri kamar takarda. Idan akwai murabba'i biyu a kan firosesar, duba gindin hitsink ka ga waɗanda tsohon man ya taɓa, ka bi wannan sawun. Haka ma ake bazawa idan gindin hitsink ɗin kwamfutar tebur irin wanda bututun jan ƙarfen ke fitowa fili ne, domin akwai ƙananan kwaruruka tsakanin bututun da sai an cike su.

Laftof yana da wata matsala ta daban: yawan ɗumama da hucewa yana sa ƙarfe ya riƙa buɗewa yana tsukewa, a hankali ya tura man waje, har bayan wasu watanni tsakiyar ta koma fayau. Man da ke da kauri ya fi jure wannan. Akwai kuma wani siririn faifai na kamfanin Honeywell mai suna PTM7950, wanda ke narkewa idan zafi ya kai kimanin digiri 45 ya sake daskarewa idan ya huce, kuma ba ya gudu daga wurinsa da sauƙi. Wanda zai yi amfani da shi a yanayi irin namu ya sa shi a firiji na ɗan lokaci kafin ya yanka, in ba haka ba zai manne a ledarsa ya yage.

Mayar da hitsink

Daidaita ramukan notuna da ido tun kafin ƙarfen ya taɓa man, sannan ka sauke shi a miƙe, sau ɗaya. Da zarar ya zauna kada ka ɗaga shi don ka leƙa, domin ɗagawa tana shigar da kumfar iska, kuma idan ka ɗaga to sai ka goge ka sake daga farko. Danne shi da hannu ɗaya, ka kama kowane noti da juyi biyu kawai, sannan ka ci gaba da zagayawa kusurwa zuwa kusurwa, ko bisa lambobin da aka buga, kana ƙara juyi biyu-biyu har kowanne ya tsaya da kansa. Yawancin notunan hitsink suna da sifirin a jikinsu wanda ke daidaita matsin, saboda haka idan noti ya tsaya, ya gama, ƙarin ƙarfi zare kawai zai cinye. Idan mai ƙafafun roba ne na Intel, mayar da kan kowace ƙafa yadda yake kafin ka juya shi, ka danna biyu masu fuskantar juna tare har ka ji sun yi ƙas, sannan sauran biyun.

Ga wanda wannan ne karonsa na farko, ina ganin ya dace ya sadaukar da ɗigo guda don gwaji. Ya sa man, ya ɗaure hitsink sosai, ya kwance, ya dubi sawun da ya bari. Idan man ya bazu ya rufe ko'ina, siriri har ana hango ƙarfen ta cikinsa, to yawan ya yi daidai. Idan gefe ɗaya ya yi kauri ɗayan ya bushe, ɗaurin ne ya karkace. Sai ya goge ya sake na gaskiya, yanzu da sanin abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙarfen.

Mayar da wayar fanka a soket ɗinta. Wannan ne abin da aka fi mantawa da shi, don haka duba hoton da ka ɗauka ka gwada da abin da ke gabanka. A laftof, soket ɗin batir ne na ƙarshe da za a mayar kafin a rufe murfi.

Gwaji

Kunna kwamfutar ka tabbatar fanka tana juyawa. Wasu laftof ba sa tayar da fanka sai sun ɗumama, don haka ka ɗan jira. Buɗe manhajar da ka auna da ita da farko, ka maimaita gwaje-gwajen nan biyu, a ɗaki ɗaya kuma a kusan lokaci ɗaya na yini, domin auna ɗaya da azahar ɗaya da asuba ba zai gaya maka gaskiya ba. Idan tsohon man ya bushe sosai kuma ƙura ta yi yawa, saukar digiri goma zuwa ashirin a lokacin aiki mai nauyi ba abin mamaki ba ne. Idan man da ka cire da sauran danshinsa, kada ka sa ran fiye da digiri kaɗan. A laftof mai siririn jiki lambar ma tana iya zama kusan yadda take, amma makin da Cinebench ke bayarwa a ƙarshen gwaji ya ƙaru, domin firosesar ta daina rage gudu, ta mayar da sararin da ta samu zuwa aiki. MX-4 da NT-H1 suna kama aiki nan take, wani man kuwa mai suna Arctic Silver 5 kamfaninsa ya ce yana ɗaukar har awa 200 na amfani kafin ya zauna sosai.

Idan zafin ya ƙaru maimakon ya ragu, kashe ta nan da nan ka sake buɗewa, domin kusan kullum ɗayan abu uku ne: noti bai kama ba, an bar leda a gindin hitsink, ko wani matashin zafi ya naɗe ya ɗaga farantin. Idan komai yana daidai amma zafin ya ƙi sauka, ka zargi bututun jan ƙarfen. A cikinsa akwai ɗan ruwa kaɗan da ke zama tururi a kan firosesa, ya tafi bakin fanka ya huce ya dawo, kuma idan ya huje ruwan ya tsere, babu man da zai maye gurbinsa. Ana gane wannan idan kwamfutar tana aiki, wajen firosesa ya yi zafi ƙwarai amma ƙarshen bututun da ke bakin fanka ya zauna da sanyi. Maganinsa sabon hitsink ne na wannan samfurin.

Noctua ta ce NT-H1 yana kaiwa shekara biyar a kan firosesa, Arctic kuma ta ce MX-4 yana kaiwa takwas, saboda haka kwamfutar tebur ba ta buƙatar a riƙa sauya mata mai kowace shekara, sai dai duk lokacin da aka ɗaga hitsink saboda wani dalili. Laftof da ake aiki mai nauyi da shi a ɗaki marar na'urar sanyaya iska yakan so a duba shi bayan shekara biyu ko uku, ƙurarsa kuwa a share ta duk ƙarshen hunturu kafin zafin bazara ya shigo. Wanda ya sayi laftof na hannu da ya riga ya yi shekaru biyar ko shida a wata ƙasa, ya ɗauka man da ke ciki tun na kamfani ne, ya auna zafinsa a makon farko. Ragowar man kuma a toshe bakin sirinjin sosai, a sa shi a leda a ajiye a inuwa, a rubuta ranar da aka yi aikin da lambobin da aka samu a ɗan takarda a manna a cikin murfin kwamfutar, domin wanda zai buɗe ta nan gaba ya san daga inda zai fara.